Wace intakula ce za ta dace da Golf GTI a zafin bazarar Kano?

Mai GTI, daga Kano:

Assalamu alaikum. Ina gaida manyan wannan zaure da ƙananansa, musamman waɗanda suka daɗe suna hulɗa da injuna masu turbo. Ina da Volkswagen Golf GTI ƙirar 2012, wato zubi na shida, wadda aka shigo da ita daga Amurka, mai inji 2.0 TSI da giyar DSG mai canza kanta. Kamar yadda masu irinta suka sani, ta Amurka tana fitowa ne da ƙarfin doki 200. A watan Disamba, ana tsakiyar sanyin hunturu, na sa aka sake wa ƙwaƙwalwar injin lissafi, abin da masu harkar ke kira mataki na farko, ba tare da na canza ko ƙusa ɗaya a jikin injin ba. Motar ta sauya sosai, har na riƙa jin kamar wata sabuwa na saya, kuma haka ta ci gaba har ƙarshen Fabrairu.

Tun da bazara ta kama abin ya canza. Idan na fita da sassafe bayan sallar Asuba, motar tana nan da kuzarinta. Amma idan rana ta take, na ɗan jima a cunkoson titin Zariya da na'urar sanyi a kunne, sai in taka totur in ji ta yi nauyi kamar wadda aka ɗaura wa kaya. A kan babbar hanya kuma, idan zan wuce tirela ta farko tana amsawa yadda nake so, ta biyu ta ɗan ja baya, a ta uku kuwa sai in ji ƙarfin da na biya kuɗi dominsa ya tafi. Allurar zafin ruwa tana kan 90 ba ta motsi, kuma babu wata fitilar gargaɗi da ta kama.

Wanda ya yi mini aikin ƙwaƙwalwar ya ce intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga inji, ita ce ta gaza, in nemi babba. Na bincika na ga hanyoyi uku. Akwai ta Audi S3, wadda aka ce tana zama a gurbin tawa. Akwai manya na kamfanoni irin su Wagner Tuning da APR, su ma masu zama a gurbin ta asali. Sannan akwai waɗanda ake ɗaurawa a can gaba, bayan ragar bamba, har ana hango su daga waje, kuma daga cikinsu akwai masu araha ƙwarai a kasuwannin intanet. Kuɗin kaya da na jigila da na kwastan ba ƙanana ba ne a wannan lokaci, don haka ba na so in saya sau biyu. Wacce ce ta dace da yanayinmu, kuma shin girma shi ne abin dubawa ko akwai wani abu da ya fi shi? Allah ya saka da alheri.

Injiniya, daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Bayanin da ka yi ya yi daidai da alamomin iskar da ta yi zafi fiye da kima, kuma zan so in nuna maka da lissafi dalilin da ya sa wannan matsala ta fi damunmu a nan fiye da mutanen da suka ƙera motar.

Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi, ko da turbon bai taɓa salansa ba. Wanda ya taɓa ba taya iska da famfon hannu ya san yadda gindin famfon ke ɗaukar zafi. Bayan aikin mataki na farko, turbon irin motarka yakan kai matsin da ya kusa bar 1.4 a ƙololuwarsa (bar ɗaya kusan matsin iskar duniya ne), wato yana ninka matsin iskar waje kusan sau 2.4. Mu ɗauka cewa nagartar turbon kashi 70 ce cikin ɗari, wanda adadi ne mai ma'ana ga ƙaramin turbo da ake tilasta wa aiki. Idan iskar waje tana digiri 40, kamar yadda ake samu a Kano da rana a watan Afrilu, za ta fito daga turbo tana wajen digiri 167. Aikin intakula shi ne ta rage tazarar da ke tsakanin wannan zafi da zafin iskar waje. Idan ta iya cire kashi 70 cikin ɗari na tazarar, iskar za ta shiga inji tana digiri 78. Idan kuwa ta iya cire kashi 85, za ta shiga tana digiri 59.

Yanzu mu maimaita lissafin a Jamus, a ranar da zafin gari yake digiri 20. Iskar za ta fito daga turbo tana wajen 139, kuma intakula mai cire kashi 70 kawai za ta mayar da ita 56. Ka ga ke nan, abin da matsakaiciyar intakula ke bai wa Bajamushe a banza, mu sai mun sayi mai kyau ƙwarai kafin mu kusance shi. Wannan ne ya sa ba na son a ɗauko shawarar mutanen Turai da ke cewa mataki na farko ba ya buƙatar sabuwar intakula a liƙa wa motar da ke yawo tsakanin Kano da Zariya a bazara. Gaskiya suka faɗa game da ƙasarsu.

Zafin yana cutar da kai ta fuska biyu. Ta farko ita ce iska mai zafi ba ta da kauri, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage yawan iskar da ke shiga silinda da kusan kashi 3 cikin ɗari. Wannan asara ce, amma ba ita ce kake ji a ƙafarka ba. Wadda kake ji ita ce ta biyu. Iska mai zafi tana sa cakuɗen mai da iska ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi, kuma wannan fashewa tana dukan fistin. Akwai sensa a jikin injin da ke sauraron wannan ƙwanƙwasa, kuma da ta ji sai ƙwaƙwalwar ta jinkirta taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, idan abin ya yi yawa ta rage matsin turbo, ta kuma ƙara mai don ta sanyaya silinda. Motarka tana kare kanta ne, shi ya sa ba ka ga fitila ba. Dalilin da ya sa tirela ta uku ta fi ta farko wuya kuwa shi ne ƙarfen intakular kansa ya riga ya ƙoshi da zafi, bai samu sararin hucewa ba kafin ka sake takawa.

Akwai wani abu game da ginin wannan mota da ya kamata ka sani kafin ka zaɓa. A GTI zubi na biyar da na shida, intakular tana tsakiya ne, kwandensar na'urar sanyi tana gabanta, lagireto yana bayanta. Saboda haka duk lokacin da ka kunna sanyi, iskar da za ta sanyaya intakular ta riga ta bi ta cikin kwandensa mai zafi. A cikin cunkoso kuma, inda fanka kaɗai ke jan iska, ukun nan suna gasa juna ne.

Game da girma, kada hoto ya ruɗe ka. Faɗin fuskar da ke karɓar iska ya fi kauri amfani, domin iskar waje tana ɗumama yayin da take ratsawa, ta yadda rabin baya na intakula mai kauri ba ya yin aikin da rabin gaba ke yi, alhali yana tare iskar da lagireto ke jira. Abu na biyu shi ne asarar matsi. Iskar turbo tana shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan, kuma duk abin da ta rasa a hanya sai turbon ya ƙara gudu ya biya, wanda hakan ke ƙara mata zafi tun daga tushe. Idan asarar ta tsaya wajen bar 0.1 a cikakken totur, babu laifi. Abin da ke kawo wannan daidaito shi ne tsarin ƙananan fukafukan da ke cikin bututun, da kuma siffar tankunan gefe biyu da ke rarraba iska. Fukafukai masu yawa suna sanyaya iska da kyau amma suna shaƙe ta, marasa yawa kuma suna barin ta wuce da zafinta. Mai saye ba ya ganin wannan a hoto, shi ya sa nake cewa a nemi kamfanin da ke wallafa sakamakon gwajinsa na zafi da na matsi tare. Wanda ya nuna ɗaya ya ɓoye ɗaya, a yi hattara da shi.

Ƙira iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai bututu da fukafuki, irin wadda masana'antu suka fi sakawa, mara nauyi, mai saurin ɗaukar zafi da saurin hucewa, kuma tana barin iska ta ratsa zuwa lagireto cikin sauƙi. Akwai kuma mai sanda da faranti, wadda ta fi nauyi da ƙarfi, tana jure jifan tsakuwa, tana shanye zafi mai yawa kafin ta ƙoshi, amma idan ta ƙoshi takan jima kafin ta huce. Kowacce tana da mai kyau da maras kyau, kuma ingancin aikin ya fi sunan ƙirar muhimmanci.

Ra'ayina shi ne ka tsaya kan wadda ke zama a gurbin ta asali. Ta S3, wadda aka yi wa injin doki 265 mai turbo K04, gyara ne mai ma'ana kuma kayan masana'anta ne, da tankunan alminiyam a madadin na roba, sai dai bakin tiyonta ya bambanta da naka, dole ka tanadi tiyon da zai haɗa su. Amma a zafinmu, idan aljihu zai ɗauka, na fi karkata ga babba daga kamfanin da aka sani.

Tsohon bakanike, daga Panteka, Kaduna:

Injiniya, Allah ya ƙara ilimi, lissafinka babu gyara. Amma ɗana mai mota, ka saurara mini kafin ka tura kuɗinka ƙasar waje. Mota ce mai shekara fiye da goma, kuma ban ji ka ce an taɓa buɗe gabanta an duba ba.

Sau da yawa an kawo mini mota da irin wannan kuka, in cire bamba, in raba kwandensa da abin da ke bayanta, in tarar da abin da ba a gani daga waje. Ƙurar hunturu tana shiga tsakaninsu ta haɗu da ɗan danshin mai ta zama kamar tabarma. A kan samu fukafukan fara da ƙwarin damina, da ƙaiƙayi, da guntun leda da ta narke ta manne. Akwai wadda na zare wa busasshen ganyen darbejiya cike da tafin hannu biyu daga ƙasan tsakiyar. Mai motar yana wanke ta kullum tana ƙyalli, amma iska ba ta ratsa kashi ɗaya cikin uku na fuskar. Sannan yaran wankin mota suna kafa bakin injin feshi mai ƙarfi a kan raga, su kwantar da fukafukan alminiyam ɗin kamar gero bayan iska. Duk fukafukin da ya kwanta ya rufe hanya ke nan. Wankin da ya dace shi ne da ruwa mara ƙarfi, daga baya zuwa gaba, a kuma miƙar da waɗanda suka lanƙwashe da haƙuri.

Ka sa a duba robobin da ke gefe da ƙasa, waɗanda ke tilasta wa iska bi ta cikin intakula. Motocin da aka shigo da su bayan sun yi hatsari a can, sau da yawa masu gyaran jiki ba sa mayar da su, don suna ganin ba su da amfani. Iska kuwa kamar ruwa take, inda ta ga sauƙi nan take bi. Idan babu waɗannan robobi, ko wace irin intakula ka saka, iskar za ta zagaye ta ta wuce.

Bayan haka a gwada yoyo. A toshe hanyar iska daga bakin turbo, a ba ta iska da kwamfaresa a hankali, kada a wuce bar 1, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, a wurin da aka danne tankin roba da ƙarfe, da bakin kowane tiyo. Inda kumfa ta tashi, nan kuɗinka ke zuba. Idan akwai yoyo, turbon yana gudu fiye da ƙa'ida don ya cika abin da ƙwaƙwalwa ta nema, iskar tana ƙara zafi, kuma alamar da za ka ji daidai take da wadda ka bayyana. A duba bawul ɗin da ke sakin iska idan ka ɗaga ƙafa, domin idan robarsa ta yage ƙarfi yana tafiya ta nan. A zare tiyon ƙasa a ga yawan man da ya taru. Ɗan laushin mai ba komai ba ne, amma idan ya zubo kamar an karkata kofi, to akwai magana a turbo ko a bawul ɗin numfashin inji, kuma mai a cikin iska shi kansa yana jawo ƙwanƙwasa. A tabbatar fanka biyun duk suna juyawa idan an kunna sanyi. A duba fulogi, domin injin da aka ƙara wa matsi yana cin fulogi da wuri.

Kada kuma ka dogara da allurar nan da ke kan 90. An yi ta ne ta tsaya a tsakiya ko da ainihin zafin ruwan ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, sai abin ya yi nisa take motsawa. Kuma zafin ruwa take nunawa, ba ta san komai game da iskar da ke shiga inji ba.

Injiniya, daga Zariya:

Baba, Allah ya ƙara girma, abin da kuka faɗa shi ya kamata ya zo kafin nawa. Malam, bayan an yi abin da Baba ya lissafa, ka nemi wanda ke da VCDS, wato manhajar kwamfuta mai karanta ƙwaƙwalwar motocin Volkswagen, ya ɗauki bayanan motar tana tafiya. Rukuni na 020 yana nuna yawan taimin da ƙwaƙwalwa ke janyewa a kowace silinda, na 115 kuma yana nuna matsin da ta nema da wanda ta samu. Ka tuna cewa adadin matsin ya haɗa da na iskar duniya, sai ka cire kusan milibar 950, wato bar 0.95, a Kano kafin ka san na turbo. Ka haɗa da zafin iskar shiga. A yi gwajin da rana, a giya ta uku, daga juyin inji 2,500 a minti zuwa wajen 6,000, sau uku a jere, a hanyar da babu jama'a, kuma wani daban ne zai riƙe kwamfutar.

Mai GTI, daga Kano:

Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya. Na bi shawararku, kuma ga abin da aka samu. Da aka cire bamba, Baba kamar kuna wurin. Ƙasan kwandensar ya toshe da ƙura da ƙwari, robar gefen hagu babu ita gaba ɗaya, kuma ruwan sabulu ya nuna ƙaramin yoyo a bakin tiyon da ke fita daga intakula, inda zoben roba ya bushe. An wanke, an canza zoben, an samo robar a kasuwar Ƙofar Ruwa, an saka sababbin fulogi. Motar ta samu sauƙi sosai a cikin gari.

Sai dai gwajin ya nuna da saura. Mun yi shi da ƙarfe biyu na rana, allon motar yana nuna 39 a waje. A taku na farko zafin iskar shiga ya ƙare a 58, a na biyu 66, a na uku 73. Matsin da aka samu yana bin wanda aka nema, don haka babu sauran yoyo. Amma abin da ya tsorata ni shi ne tun a taku na farko silinda biyu sun nuna an janye taimin da digiri 4 zuwa 5, a na uku kuma ya kai 7. Ke nan intakula kaɗai za ta magance wannan? Kuma wani abokina yana matsa mini in sayi ta gaba, yana cewa tunda tana gaban kwandensa ita ce za ta fara shan iska mai sanyi.

Ɗan Jos:

Ɗan'uwa, maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, amma bari in ba ka labarin abin da ya same ni, domin ni na bi wannan hanyar a GTI zubi na biyar. Na sayi ta gaba mai araha, wadda ba ta da sunan kowane kamfani a jikinta. Ranar da ta iso na ji daɗin ganinta, kauri kamar bulo, walda tana sheƙi. Wajen ɗaurawa aka fara yanka cikin bamba, aka yi ƙarin bututu da gwiwoyi, kowace mahaɗa da maɗaurinta. Cikin wata biyu tiyo ya fice mini sau biyu a kan hanya, kuma duk wanda tiyon turbo ya taɓa fice masa ya san ƙarar da yadda mota ke mutuwa a hannu nan take. Dalilin shi ne bakin bututun sumul yake, ba a yi masa ɗan tudun da ke riƙe tiyo ba.

A Jos ban ga wata matsalar zafi ba, domin garinmu yana da sanyi. Amma da na gangara Bauci a watan Afrilu, na'urar sanyi ta koma ba da iska mai ɗumi a duk inda na rage gudu, fanka kuma tana ta ruri ba hutawa. Abin da ya faru a fili yake. Na ɗora bulo a gaban kwandensa da lagireto, na kuma aika musu da iskar da ta riga ta ɗumama. Da na cire ta na leƙa cikin bututunta da tocila, fukafukan ciki tsiraru ne, ana hango haske daga wancan gefen. Nauyinta ne kawai ke shanye zafi a taku na farko, shi ya sa da farko na zaci tana aiki.

Ba ina cewa duk ta gaba haka take ba. Akwai masu kyau, kuma Forge suna da wani tsari da ke ƙara ƙarama a gaba ya bar ta asali a wurinta, iskar ta rabu biyu. Amma a ƙasar da na'urar sanyi ba ado ba ce, kuma hanyoyinmu cike suke da tsakuwa da ramuka da tudun rage gudu, duk abin da ka rataya a ƙasan gaba ka san shi zai fara karɓar duka. Sannan giyarka ta DSG da ruwan injin ake sanyaya manta, don haka idan ka takura wa lagireto ba inji kaɗai ka takura wa ba.

Wani abu da na koya a nan sama, ko da zai amfani masu karatu daga Filato. Jos tana kan tsayin mita kusan 1,200, matsin iskarmu bai kai na Kano ba, saboda haka turbo yana ƙara gudu kafin ya cika adadin da ƙwaƙwalwa ta nema. Sanyin garin yana rufe mana wannan, amma iskar da ke fitowa daga turbon ta fi zafin da mutum zai zata.

Injiniya, daga Zariya:

Malam, alƙaluman da ka kawo sun raba matsalar gida biyu, kuma yana da kyau ka gan su a rarrabe.

Hawan zafi daga 58 zuwa 73 cikin taku uku aikin intakula ne, babu shakka. Yanzu da aka wanke ta aka toshe yoyo, ta nuna iyakar abin da za ta iya, kuma bai isa ba. Mai kyau da ke zama a gurbin asali ya kamata ta riƙe zafin kusa da inda ya fara, ta kuma sauko da wuri idan ka ɗaga ƙafa. Wannan dawowa da wuri ita ce abin da za ka fi ji a hanya. Kada ka sa ran ƙarin dawakai masu yawa. Abin da za ka samu shi ne ƙarfin da kake ji da Asuba ya kasance yana nan da Azahar.

Amma janye taimin da digiri 4 zuwa 5 tun a taku na farko, lokacin da iskar ba ta gama zafi ba, yana nuna mini mai ne. Yawancin lissafin mataki na farko an rubuta shi ne don fetur mai okten 98 a ma'aunin Turai, ko 93 a ma'aunin Amurka (okten shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure ƙwanƙwasa), kuma abin da muke sha a gidajen mai na yau da kullum bai kai nan ba, ga shi yana bambanta daga wannan gidan mai zuwa wancan. Babu intakular da za ta ƙara wa fetur okten. Ka koma wurin wanda ya yi maka aikin ka tambaye shi wane mai aka rubuta lissafin dominsa, ka nuna masa sakamakon, ka nemi ya saka maka na ƙaramin okten ko ya rage taimin da matsin. Za ka rasa kaɗan a takarda, amma a hanya motar za ta fi tafiya daidai, domin ƙwaƙwalwar ba za ta riƙa ja da baya kowane lokaci ba. Wannan shi za ka fara yi, tun kafin kayan su iso, kuma har sai an yi shi ka guji taka totur har ƙasa da rana. Sensar tana jin ƙwanƙwasa ne bayan ta riga ta faru, kuma fistin da zobbansa su ke karɓar kowace ɗaya.

Wajen oda, ka tabbatar an rubuta cewa ta GTI zubi na shida ce mai injin TSI, ka kuma tambaya ko tiyo da maɗaurai suna cikin kwalin, domin rashin tiyo guda yana iya ajiye mota mako uku. Idan ta iso, a toshe bakunanta a gwada ta da iska kafin a ɗaura, saboda jigila tana fasa walda. A girgiza ta a busa cikinta, kada wani ɓurɓushin ƙarfe ko kumfar kwali ya tafi inji.

Tsohon bakanike, daga Panteka, Kaduna:

Ɗana, ƙari ɗaya kan na Injiniya, game da ranar ɗaurawa. Aikin yana buƙatar a cire bamba a jawo gaban motar, a raba ukun nan. Mai haƙuri yana iya yi ba tare da ya saki gas ɗin na'urar sanyi ba, idan ya rataye kwandensar da waya bai bar ta ta yi lilo a kan bututunta ba, domin bututun alminiyam ne, yana tsagewa a wurin lanƙwasa. Sabuwar za ta fi tsohuwar kauri da nauyi, saboda haka a duba kada ta goga lagireto ko kwandensa, a mayar da kowace robar zama a wurinta, a kuma toshe ratar gefe da soso mai jure zafi. Tunda gaban a buɗe yake, ka sa a duba lagireton da kansa, idan tankunansa sun fara canza launi ko akwai farin tabo a mahaɗa, ka canza shi a lokaci ɗaya ka huta da biyan kuɗin aiki sau biyu. Bayan kwana uku a sake ɗaure maɗauran tiyo, domin sukan saki idan sun sha zafi sun huce. Sannan ka maimaita gwajin nan a hanya ɗaya, da ƙarfe biyun rana, da mai daga gidan man da ka saba, ka kawo mana alƙaluman mu gani.